Rasuwar Dattijuwa, Kwamfutar da Ta Yi Wata Goma Sha Huɗu Tana Barci

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, tare da miƙa lamari ga Mai kowa mai komai, ni Halimatu, wadda mutanen Tunga suka fi sani da Maman Zakiyyu, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da tsofaffin kwastomomi rasuwar Dattijuwa, kwamfutar gidanmu. Ta cika ranar Talatar makon jiya, tsakanin azahar da la'asar, a kan katifata, ba na gida. Shekararta goma sha ɗaya a hannunmu. Waɗanda ta yi a ƙasar waje kafin ta iso Minna kuwa Allah ne masani, don da furfurarta ta zo mana: haruffa biyu sun goge, gefe ɗaya a tsage.

Na san akwai masu karantawa su yi dariya, su ce mace ta rasa abin yi wa zaman makoki sai ƙarfe da roba. Ku yi dariyarku, ban hana ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan ce ma sanarwar rasuwa ta farko da ta fita daga gidanmu da biro, sauran duk marigayiyar ce ta buga.

Duk wanda ya taɓa bin layinmu ya san ƙaramin shagon nan mai allo shuɗi da aka rubuta "Saifuddeen, Buga Takardu". Mai allon shi ne maigidana, Malam, Allah Ya jiƙansa. A shagon nan Dattijuwa ta yi rayuwarta. Ta buga katin biki da na suna, ta buga takardar neman aiki ga samarin da yanzu in sun wuce a mota ba sa ko ɗaga hannu, ta buga binciken ɗalibai mai shafi ɗari wanda masu shi kansu ba su karanta ba. Ba ta taɓa fitar da sirrin kowa ba. Ba ta da kwaɗayi, wuta kaɗan ta ishe ta. Aibinta guda ne, kuma mamaci ma ana faɗar gaskiyarsa: nauyin tashi gare ta. In aka kashe ta, kafin ta dawo hayyacinta mutum ya shanye kokonsa ya cinye ƙosai har ya wanke hannu.

Har yanzu ina jin muryarta. In Malam ya ɗaga murfin, sai fankarta ta ce fuuu, kamar tsohuwa na hura wuta a murhu. In aiki ya kankama, ƙwas-ƙwas-ƙwas har titi. In ya danna abin da bai yi mata ba, sai ta ce tin! sau ɗaya tak, shi kuma ya ce, "Allah Ya ba ki haƙuri, Dattijuwa."

A kanta ne aka yi gardamar da ta fi kowace daɗewa a layinmu. Tsado mai gyaran kwamfuta, wanda shagonsa ke kallon namu, ya tsaya kai da fata cewa in an tashi aiki a kashe ta gaba ɗaya. Malam kuma sai dai ya rufe murfin, ya bar 'yar fitilar gefenta tana ƙyaftawa har gari ya waye. Kullum in za a rufe shago sai Tsado ya leƙo.

"Malam, kashe shi mana! Zafin Minna ba wasa ba ne. Mutum ma yana hutawa."

"Ai hutun take yi, Tsado. Kai in za ka huta, suma kake yi?"

"Batir zai lalace fa. Kansa zai cika."

"In ya cika ka samu aiki. Zo mu ci gyaɗa."

Shekara goma suna wannan, ba wanda ya kayar da wani, gyaɗa ce kawai ta sha wahala.

Malam yana da wata ɗabi'a kuma da ta fi ƙona wa Tsado rai. Ba ya adana takarda sai ya gama ta. In za a adana, kwamfuta sai ta tambayi sunan da za a sa wa takardar, shi kuwa cewa yake ba a raɗa wa jariri suna ranar haihuwa, sai ya kwana bakwai an ga kamanninsa. Dariya nake yi in ya faɗa. Ban san wannan maganar ce za ta zame mini dutse a ƙirji ba.

Wata goma sha huɗu ke nan, kwana uku bayan mutanen Wushishi sun kawo gaisuwar neman auren babbar 'yarmu, Malam ya rufe murfin Dattijuwa ya tafi sallar la'asar. A sahu ya faɗi. Bai dawo ba. Tsado ne ya kula da ita a kwanakin nan, yana jona ta a wuta ba tare da ya buɗe ba. Bayan sadakar bakwai ya kawo mini ita gida, fitilar tana ƙyaftawa. Na san lambar buɗe ta, sai na buɗe.

Wasiƙa ce na tarar, zuwa ga yarinyar. Ƙasan allon ya nuna shafi na biyar ne cikin biyar, kuma ba a adana ba. Layi tara ne kawai suke bayyane, sauran suna sama. A ƙarshen layi na tara, ɗan siririn sandan nan yana ƙyaftawa daidai inda yatsan Malam ya tsaya.

Ku da kuka san mu kun san 'yar fari ce. Ni da Malam mun riƙe alkunyar da muka gada. Ban taɓa kiran sunanta ba, "ke" nake cewa, ko "yarinyar nan". Shi ya sa ma ake ce mini Maman Zakiyyu, da sunan ƙaninta. Ban taɓa yabonta a gabanta ba, ban taɓa zaunar da ita na ce ga abin da ke raina ba. Malam ma haka. To ashe abin da bakinsa ya kasa, yatsunsa ya sa su faɗa, don a ba ta ranar da za ta bar gida. A layi na uku ya rubuta sunanta ɓaro-ɓaro, ya ce ranar da aka haife ta bai ɗauke ta ba don kakarta na kallonsa, bayan asibiti ya zagaya ya yi ta dariya shi kaɗai kamar wanda ya zautu. Layi na ƙarshe kuma ga shi: "Ita kuma mahaifiyarki, kada shirunta ya ruɗe ki. Shekara ashirin da uku ba ta kira sunanki ba, amma ni na san"

Nan ya tsaya, ko ɗigo babu.

Daga ranar na zama ɓangaren Malam a gardamar, har na fi shi. Ban ƙara bari an kashe Dattijuwa ba, don in ta mutu wasiƙar ta tafi. Ban ja shafin sama ba, don shafuka huɗun nan ba nawa ba ne. Ina cikin takaba, in an ɗauke wuta, maƙwabciyata Rachael mai ɗinki ce take shigowa ta ce, "Maman Zakiyyu, kawo shi, sola na yana da wuta." Ta saɓa ta a kafaɗa cikin jaka, ta dawo da ita a ƙoshe. Ba ta taɓa tambayata dalili ba. Allah Ya saka mata da alheri.

Tsado kaɗai na gaya wa, na kuma sa ya yi mini alkawarin ba zai gaya wa yarinyar ba. Ya yi iya ƙoƙarinsa, in faɗi gaskiya. "Mama, maɓalli biyu ne kawai. Ki yi sebin, ki adana shi, mu buga shi a takarda, hankali ya kwanta." Rannan na yarda, na danna da kaina. Sai ta tambaye ni suna. Na zauna ina kallon gurbin, na rasa me Malam zai kira ta, na ga ba ni da hurumin raɗa wa abin da bai gama ba suna. Na janye hannuna. Na ce wa Tsado sai jajiberin biki. Aka ɗaga bikin saboda rasuwar, ni ma na ɗaga nawa. Amma ba suna ne kaɗai ya hana ni ba, yau zan faɗa. Muddin sandan nan yana ƙyaftawa, gani nake Malam masallaci ya je, yanzu zai shigo ya ƙarasa. Kowace safiya in na idar da salla sai na ɗaga murfin, ta ce fuuu, na karanta layukan tara, na rufe.

Ciwon ajalinta ya fara ne da zafin bana. Cikinta ya kumbura har murfin ba ya haɗuwa sosai. Batirin da yake kwana ya koma ba ya minti ashirin. Fankar ta daina fuuu, ta koma ƙir-ƙir-ƙir kamar mai tarin da ya ƙi magani. Tsado ya duba ya ce, "Mama, a yi sebin yau yau." Na ce saura mako uku biki, za ta kai. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Ranar Talatar na tafi Kasuwar Kure sayen tukwanen amarya. Na bar Dattijuwa a jone a kan katifa, yarinyar kuma tana ɗakina tana ninke kayan lefe. Da na dawo ta tare ni a tsakar gida.

"Mama, sannu da dawowa. Na kashe kwamfutar Baba. Zafi take yi kamar dutsen guga, har ƙauri na ji, ga atamfofi a kusa. Na danne maɓallin har fitilar ta mutu."

Ta yi daidai. Duk mai hankali abin da zai yi ke nan. Ba ta san lambar buɗewa ba, ba ta san me ke ciki ba, kuma ba ta sani ba ne don uwarta ta yi wata goma sha huɗu tana kwana da ita a gida ɗaya ba ta iya buɗe baki ba. Na ce mata, "Kin kyauta." Na shiga kicin na ɗauko albasa na yi ta yanka, alhali ba girki zan yi ba.

Kwana biyu Tsado ya yi a kanta. Ya canja caja, ya cire batir, ya buɗe cikinta ya hura. Ko tin! ɗin ba ta ce ba. Ya maido ta da hannu biyu ya ce, "Mama, ya tafi. Ko ya tashi ma, takardan ba ya ciki." Ya juya zai fita, ya tsaya a bakin ƙofa. "Shekara goma ina cewa a kashe shi. Yau an kashe, wallahi ban ji daɗi ba."

Marigayiyar ta bar caja ɗaya mai ɗaurin salatif a wuya, da jakar da hannunta ya tsinke, da firinta, abokiyar aikinta, wadda dama tun rasuwar Malam ba ta ƙara cewa uffan ba. Ta bar Tsado da gardamar da ya ci amma ba ya so. Ta bar ni da layi tara a ka. Shafuka huɗu kuwa ta tafi da su, ba wanda ya karanta, ba kuma wanda zai karanta. Wannan shi ne yake hana ni cin abinci.

Masu aiko mini da tambaya wai a kashe ne ya fi ko a bari ta yi barci, ku tambayi Tsado, shi ne malamin abin. Ni dai abin da na sani, da na adana wasiƙar, da kashewa ba ta cuce ni ba, barci ma bai cuce ni ba. Ba laifin yarinyar ba ne, ba na zafin Minna ba ne. Ranar biki tana nan inda aka sa ta, saura kwana goma sha ɗaya, kuma rana ba ta ƙarya sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Tawa kunyar na ji ta tun kafin ranar ta zo.

Ga tsarin jana'iza. Za a yi ta ranar Asabar mai zuwa bayan sallar la'asar, a gidanmu da ke Tunga, bayan shagon mai allo shuɗi. Ba za a kai ta maƙabarta ba. Tsado ya ce batirin ba a binne shi ba a ƙona shi, shi zai tafi da shi. Sauran jikin za a naɗe shi cikin tsohon hiramin Malam, a ɗora a saman sif. Za a karɓi gaisuwa har magariba, akwai kunun gyaɗa, Rachael ce za ta raba. Mai zuwa ya yi dariya ya zo, amma ya yi wa Malam addu'a kafin ya tafi.

Mutum ɗaya ake roƙo ta riga kowa zama. Zan karanta mata layi tara da bakina, kamar yadda mahaifinta ya rubuta su, har da layi na uku ba tsallake. In na kai inda ya tsaya, ni zan ƙarasa. Ban san kalmomin da zai sa ba, amma na san abin da ya sani, don shekara ashirin da uku dardumata tana bayan tasa, yana jin sunan da nake ambata in goshina ya taɓa ƙasa.

Karima, in kin gama ninke kayan, ki zo ki zauna kusa da ni.