Ranar da na haska ɗakin surukaina

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na je gaida surukaina a wani ƙauye gefen garin Hasahisa, nan ƙasar Sudan. A lokacin ina jami'a a Madani, ina bincike a kan wasu ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani, waɗanda muke haɗawa daga ƙonannen ɓawon gyaɗa. In aka zuba su a ruwa aka haska musu wata fitila ta musamman, sai ruwan ya ɗauki walƙiya. (Innata ta ce wannan ai toka ce, kuma har yau ban samu hujjar ƙaryata ta ba.)

Yarinyar da nake so, Asiya, babanta Alhaji Bello manomi ne da bai yarda da sana'ar da ba a gani da ido ba. Ga kuma wani ɗan ƙanensa mai gonar auduga, shi ma yana neman aurenta. Shi ya sa aka ce in zo a gan ni kafin a yanke magana. Kawuna da ya raka ni ya ja min kunne tun a cikin raksha, keken nan mai ƙafa uku: "Ka sunkuyar da kai. Gaban suruki ba wurin lacca ba ne." Na ce to. Ban gaya masa akwai kwalba da fitila a aljihuna ba.

Bayan azahar muka zauna a ɗakin baƙi. Dattawa cikin fararen jallabiyoyi suna kan angarib, gadon nan na igiya, ni ina ƙasa a kan tabarma. Aka kawo shayi. Alhaji ya dube ni ya ce, "Ya ustaz, mi kake karantawa ne da har yanzu bai ƙare ba?"

Da mai hankali ne, kalma biyu sun isa. Ni kuwa sai na gyara zama. Na fara daga ɓawon gyaɗa, har na kai ga na'urar lesa da ke tura haske ta cikin zaren gilashi mai sirantakar gashi, ta tsara shi layi-layi kamar haƙoran mataji, a riƙa auna launin haske da shi. (Ban taɓa ganin na'urar ba sai a hoto. Mu a ɗakin gwajinmu, in an kawo wuta murna muke yi.) Kawu yana ta mintsinina a cinya. Wani dattijo ya yi hamma, ya yi salati.

Alhaji ya ce, "Kwayis, da kyau. To ina abin yake?"

Sai na ce a rufe taga da ƙofa. Ku ji fa, baƙo, ranar farko, yana ba da umarni a ɗakin suruki. Aka rufe, ɗaki ya yi duhu, na kunna fitila na ɗaga kwalba. Ta yi haske, ba laifi, ɗan shuɗi-shuɗi. Matsalar ita ce jallabiyoyin dattawan da rawunansu, saboda sabulun wanki, duk sun fi ta haske nesa ba kusa ba. Kowa ya shiga kallon rigarsa yana cewa masha Allah. Babu wanda ya kalli aikina na shekara guda.

Kunya ta sa na saukar da fitilar ƙasa. Abin da na manta, kuma wallahi na karanta shi, kunama ma tana walƙiya a wannan hasken. Ga ta nan ƙatuwa, koriya shar, a bakin tabarma, kusa da gwiwata.

Jama'a, ban san lokacin da na ce "Wayyo Inna!" ba. Na taka faifan shayi, kwalba ta yi nata wuri, na tsinci kaina a kan angarib, zaune daram a cinyar Alhaji, na riƙe rawaninsa da hannu biyu. Mutumin da ko idonsa bai kamata in kalla ba.

Aka buɗe taga. Wani dattijo ya sa takalmi ya gama da kunamar, ya ci gaba da jan carbinsa. Alhaji bai motsa ba. Can ya ce, "Ustaz, in ka huta, ƙafata ta yi tsami."

Haka muka komo Madani. Na san na rasa Asiya, kuma raina ya ɓaci ƙwarai, don ina sonta da gaske. Ko abinci na kasa ci.

Sai ga saƙo bayan 'yan kwanaki: Alhaji ya ba ni. Wai ya ce wa dattawa, "Yaron matsoraci ne, amma ni nake sallah a kan tabarmar nan." Sharaɗinsa ɗaya, kada in ƙara zuwa gidansa ba fitila.

Yanzu muna da 'ya'ya, na gama digirin ma. Amma duk baƙon da ya zo, Alhaji yakan nuna ni ya ce, "Wanga surukina ne, neman kunama ya karanta a jami'a." Na daina gyara masa. Abin da na koya dai, duk wanda zai rufe tagar mutane don ya nuna haskensa, ya fara kakkaɓe tabarmar da yake zaune a kai.