Kalangun Honorabul

A wata jiha, ba zan kama suna ba don ina da jikoki a can, aka kafa doka gab da zaɓe: duk ɗan takarar da ya sa ƙarya a tallarsa, ko a fosta ko a rediyo ko a waƙa, za a soke takararsa. To akwai wani ɗan majalisa mai neman komawa karo na uku, ga lauyoyin abokin hamayyarsa sun kasa kunne suna jiran ya zame. Sai ya kira makaɗinsa, Cindo Mai Kalangu, wanda ya shekara takwas yana wasa shi, ya haɗa shi da nasa lauyan, ya ce su tace tsohuwar waƙar kafin a kai gidan rediyo.

Cindo na rerawa, lauya na ja da jan biro. Cindo ya ce Honorabul ya shimfiɗa titi. Lauya ya ce katafila ce ta zo aka ɗauki hoto ta koma. Ya ce ya shayar da gari. Lauya ya ce tankin na nan, tantabaru ke kwana a ciki. Ya ce ƙofarsa a buɗe take ga talaka. Lauya ya tambaye shi yaushe rabon da shi kansa ya wuce maigadi. Ko "Dokta" ɗin da ke gaban sunan bai tsira ba, don an rasa makarantar da za ta amsa nata ne.

Kwana uku sai ga Cindo da sabuwar waƙa a waya. Aka kunna a falo, 'yan kwamitin kamfen duk sun hallara. Tafi ne raf-raf, sai sunan Honorabul, sai ranar zaɓe, sai tafi kuma. Aka jira baiti, shiru.

Honorabul ya haɗe rai ya ce, "Cindo, ina sauran?"

"Ranka ya daɗe, abin da lauya ya bari ke nan. Sunan ma sai da ya duba katin zaɓenka."

Wani ɗan kwamiti ya yi tari don ɓoye dariya. Honorabul ya ce ya ji, baitoci sun tafi, doka ce. Amma jama'a da kalangu suka san shi, da an buga takensa ko kurma ya san shi ne. Wace doka ta hana kiɗa da har za a kawo masa tafi kamar wasan gaɗa?

"To kalangun fa, me ya yi?"

Cindo ya gyara zaman hularsa ya ce, "Na rataye shi a ɗaka, yallaɓai. Ni mutum ne, na iya kama bakina. Shi kuwa kalangu magana yake yi, kuma a gidanka ya koye ta."