Man Kaɗe a Falon Alhaji

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da Alhaji Ndagi ya tafi Makka ya bar mana makullin gidansa. Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa a kan maganar nan, don karatuna bai wuce firamare ba, kuma har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Larura ce ta sa na daure.

Alhaji mutumin Bida ne, shi ne shugaban maigidana a wajen aikin jirgin ƙasa a nan Minna. Malam, wato maigidan nawa, lebura ne na wucin gadi a lokacin, Alhaji kuwa ya yi alkawarin in ya dawo zai sa baki a tabbatar da shi a aiki. Gidansa irin tsofaffin gidajen Turawa ne na bayan tasha. Falon ba siminti ba ne, katako ne a jere reras, yana sheƙi. Ni da na taso a kan daɓen ƙasa, ko taka shi tsoro nake ji.

Ranar tafiya matarsa Hajiya, da za su tafi tare, ta danƙa mini makulli ta ce, "'Yata, shara kawai za ki riƙa yi. Katakon nan ba ya son ruwa. Amana ce fa." Na ce to. (Saboda kalmar nan, sai in kama hanyar unguwarmu Kpakungu in sake juyowa in taɓa kwaɗo, ko ya kullu.)

Da alhazai suka kusa dawowa, danginsu suka aiko da galan na manja don girkin tarba. Na ɗauko zan ratsa falo zuwa kicin, ashe murfin bai zauna ba. Kafin in ankara ga manja a tsakiyar falo, faɗin faifai.

Na goge da tsumma, ya ƙara faɗi. Na sa sabulu da ruwa ina tuna gargaɗin Hajiya ina istigfari. Jan ya tafi, maiƙon ya zauna baƙi ƙirin. Na sa toka, gefen ya yi fari-fari kamar ƙyasfi. Ban gaya wa Malam ba. Gani nake in Alhaji ya ga tabon nan, aikin mijina ya tafi ke nan.

Sai na tuna mahaifiyata. In ta sayi sabon turmi ko akushi, man kaɗe take shafe shi da shi, ya yi duhu bai ɗaya, kuma ba ya tsagewa. Na ce ai itace itace ne. Tunda tabo ya ƙi fita, bari falon duka ya zama tabo. Na je kasuwa na sayo man kaɗe cikin ƙwarya, na durƙusa na bi katakon nan ɗaya bayan ɗaya, har ƙarƙashin kujeru (ni ba na yin aiki rabi). Tabo ya ɓace. Malam ya leƙo daga bakin ƙofa ya ce, "Kai, Hajiya za ta sa miki albarka!"

Ranar dawowa ƙofar gida ta cika, mata na guɗa, ba wanda ya shiga falo tukuna. Alhaji ya fito daga mota cikin farar jallabiya, rungume da jarkar zamzam, ya hana kowa karɓa. Tsofaffi har sun tanadi 'yan kofunansu. Ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa kamar yadda aka saba, ya rage sai safa a ƙafarsa. Ya yi bismilla ya sa ƙafar dama.

Ƙafafunsa suka riga shi shiga falon.

Ya faɗi ta baya, jarka ta bugu da ƙasa, murfi ya yi tsalle. Limamin unguwa ya yunƙura zai ɗaga shi, shi ma ya zauna daɓas. Zamzam ya malale a kan mai, bai nutse ba, sai gangarawa yake. Tsofaffin mata suka rarrafa suna dangwala suna shafawa a fuska don kada albarka ta wuce su. Wata gwaggon Alhaji ta shinshina tafinta ta ce, "Ikon Allah, zamzam ɗin bana warin man kaɗe yake."

Hajiya ta juyo ta dube ni. A gaban jama'a na faɗi komai, tun daga manja har toka. Malam ya sunkuyar da kai.

Hajiya ta ce, "Duk wannan don tabo ɗaya? 'Yar nan, da bakinki ciwo yake?" Ta nuna wani abu a naɗe cikin kaya. "Ga kafet can na sayo, don tsakiyar falon nan."

Alhaji ya daɗe yana salla a zaune. Kafinta kuma ya sha wahalar kankare katakon. Amma mutumin kirki ne, ya cika alkawarinsa ga Malam. Iyakarsa dai, duk sanda na je gaishe shi sai ya riƙe hannun kujera ya ce, "Mai man kaɗe, in taka ko in dakata?" Abin da ya fi ci mini rai shi ne tsofaffin nan da suka koma gida da kofunansu wayam. Yawancinsu sun rasu, ban san ko sun sake samun zamzam ba.

Na dai gane cewa tabon da aka nuna wa mai gida, kafet ma ya isa ya rufe shi. Wanda aka ɓoye shi ke kayar da alhaji.

Dalilin rubutuna: an ba mijin 'yata irin gidan nan, ga shi man gyaɗa ya zube mata a falo, ta zo neman shawarata (ni!). Wani ya ce a barbaɗa garin alli ko sitaci a bar shi ya tsotse man, amma ina tsoron in sa ta gwada abin da ban tabbatar ba. Don Allah, kafintoci da duk mai karatu da ya san yadda ake fitar da maiƙo daga katako ba tare da an ɓata shi ba, a taimaka a sanar da mu. Kafin nan na ce ta gaya wa mijinta, na kuma ɗauke man kaɗen da ke gidan.