Ɓauren da ke Bayan Igiya

"Lafiya ƙalau na kwana, sai da na gan ka. Wa ya ara maka wannan wandon?"

Da haka Kaka Ozella ta amsa gaisuwar jikanta Lemuel, ƙafarta ɗaya na cikin jirgin fito, ɗayar na kan gadar katakon da jirgi ke tsayawa. Ni na rako ta, don maƙwabciyata ce tun muna da sauran haƙora, kuma tun da muka baro gaɓar Carolina ba ta zauna ba. A tsibirin nan aka haife ta, kafin mutane su watse a mai da shi gandun tsuntsaye da kunkurun teku. Lemuel bai daɗe da samun aikin gadin wurin ba. Ita kuwa ranar Lahadi 'yarta za ta kwashe ta zuwa birnin Atlanta, zama na dindindin.

"Kakin hukuma ne, tsohuwa. Ki gaishe shi da ladabi."

"Kaki? Na ɗauka tsintsiya aka cusa a buhu. Matsa, mijin banza, sauri nake."

"Ina za ki da almakashi a jaka?"

"Farce zan yanke."

"Da almakashin lambu? To, na ga farcen, ban yi musu ba."

Ta wuce shi tana caka sanda a yashi. Hadari ya haɗo daga gabas, ruwa ya fara cikowa, matuƙin jirgi kuma ya riga ya ce da iska ta ƙara ƙarfi zai juya, ko da mu ko babu mu. Muka bi ta muna haki har inda aka ja igiya a gindin tudun yashi.

"Ɓauren babana na bayan tudun nan," in ji ta. "Reshe ɗaya zan yanko, in dasa a tukunya."

"Ba a tsallake igiya. Tsuntsaye na kwance kan ƙwai a yashin nan, ba ki gani sai kin taka."

"Ni zan taka ƙwai? Ni da nake tafiya kamar hayaƙi?"

"Da kika shigo jirgi sai da ya karkata. Ƙaguwoyi sun kawo ƙara ofishinmu."

"Ƙarya kake! Kakar kakar tsuntsayen nan ta san ni. Ni na koya musu tashi."

"Shi ya sa suke gudu a ƙasa kamar masu ciwon gwiwa."

"Vernice, kina ji?" Ta juyo gare ni. "Ki zama shaida, na fita daga auren nan. Matuƙin jirgi zan aura."

Lemuel ya ce, "Na yi masa tayinki tuni. Ya ce gara guguwa, ita tana wucewa."

"Kai da ruwan baho ke sa ka ihu har ka shiga makaranta, yau kai ne sarkin teku?"

"Ke kike min wankan ai. Kowa ya ga fuskar nan ta sunkuyo masa sai ya yi ihu."

Tana dariya, amma idonta na kan hadarin. Ta yi gaba, ta dawo, ta sake yin gaba. Sai kawai ta sa ƙugiyar sandarta ta ɗaga igiyar.

Lemuel ya dafe igiyar. Wannan karon bai yi dariya ba.

"Kaka, in kika wuce, ni za a kora. Ko ba a kore ni ba, in uwar ƙwai ta tashi, wasu tsuntsayen teku za su kwashe ƙwan kafin ta dawo."

"Teku na cin wurin nan, Lemuel. Gidanmu ya tafi, coci ya tafi. Ɓauren kaɗai ya rage, ni kuma ba dawowa zan yi ba."

Ban taɓa jin ta kira shi da sunansa ba. Ya dubi hadarin, ya dubi dandamalin katakon da baƙi ke hawa su hangi tsuntsaye, matakalarsa a miƙe kamar tsani. Sai ya juya mata baya, ya durƙusa.

"Hau."

"In hau me? Ƙashin kifi?"

"Hau, amarya, kafin in canza shawara."

Ta hau. Na bi su da jaka da sanda.

"Wayyo bayana! Duwatsu kika ci da safe?"

"Ni na goya ka, da kan nan naka kamar kabewa, ban yi ƙorafi ba. Yi sauri, alfadari!"

A sama ya sauke ta, ya miƙa mata madubin hangen nesa. Ta daɗe tana laluben wurin, iska na kaɗa mata hula. Sai ta tsaya cik. Ɓauren na nan, ya karkace, rabin saiwarsa a fili, amma kore shar, tsuntsaye sun yi masa caa.

"Ɓarayi," ta ce a hankali. "Da kwano da cokali babana ke sa mu korar su." Ta goge ido da bayan hannu. "Wannan a tukunya mutuwa zai yi, ko?"

"Shi dai zai mutu. Ke kam Atlanta nake tausaya wa."

Jirgi ya busa ƙaho daga gada. Ɗigon farko ya faɗo mini a hannu.

"To, na ba ka shi," in ji ta. "Kyauta, kai da 'yan'uwanka tsuntsaye masu siraran ƙafafu. Kullum ka hau nan ka duba, ka bugo waya ka gaya mini yana tsaye."

"Kai, wannan kyauta! Abin da ba a taɓawa, ba a ci, ba a ko matsawa kusa da shi?"

"Daidai da kai ke nan. Durƙusa, ango zai tafi ya bar ni."

Ya fashe da dariya har sai da ya riƙe katako, sannan ya durƙusa.