Rumbuna Uku da Gonar Surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kusa raba surukina da gonarsa ba, a gaban jama'a, da hannuna.

Lokacin ina aikin taswira a yankin Ollelewa. Ɗan jirgi marar matuƙi ya ɗauko mana hoton gonaki daga sama, ni kuma in ɗora shi a kan tsohon hoton tauraron ɗan'adam mai layin burtalin shanu. Dabarar ita ce ka nemo abin da ba ya motsi a hotunan biyu, ka haɗa su. To daga sama ƙasarmu duk rairayi ce. Sai na hango ɗigo uku a bakin garin su matata, a jere ras, a kowane hoto. Na danna, na haɗa, na ji kaina ya yi girma.

Ranar nuni maigari ya tara manoma da makiyaya. Surukina ya sha babbar riga, yana ta gaya wa mutane mijin 'yarsa ne zai raba gardamar burtali. (Ni ma na sa tabarau, alhali idona lafiya lau.)

Taswira ta haska a bango, sai ga rabin gonarsa tsundum cikin burtali. Arɗo, shugaban makiyaya, ya yi murmushi ya ce, “Na'ura ba ta ƙarya.”

Surukina ya daɗe yana kallo, sannan ya juya ga maigari, don ba ma haɗa ido. “A tambayi yaron nan, da me ya auna?”

Kaina a ƙasa na nuna ɗigon nan uku.

“Rumbunana ke nan,” in ji shi. “Waɗanda muka tayar bara muka mai da gabas, da ruwa ya ci wurin. A tambaye shi, wa ya ɗauki jinkar na tsakiya?”

Ni ne. Har wuyana ya yi ciwo, har na ci tuwon gayya kwano biyu. Na ja garin duka na bi rumbu da shi!

Dariya ta ɓarke, Arɗo har da hawaye.

Na gyara taswira da rijiya da masallaci, gona ta koma wurinta. Tun ranar ba na kafa aiki a kan abin da ake iya ɗauka a ka. Amma har yau in na je gaisuwa, sai surukina ya ce wa matarsa, “A ba shi fura maza, kafin ya matsar mana da gida.”