Yadda Na Rage Wa Kimono Tsawo

Ba zan taɓa mantawa da kimonon nan, doguwar rigar Japan mai ruwan toka, ba, ko da zan manta da koronar kanta.

Ni tela ne, a wani lungu bayan titin da ake kira Jalan Tuanku Abdul Rahman. Da kulle ya zo, keken ɗinki ya yi shiru. Ana nan sai wasu masu wasan dandali, da ke haɗa rawar gargajiyar Japan da kiɗan zamani, suka aiko min da aiki. Babu 'yan kallo, kyamara ce za ta kai wa mutane wasan har gida. Rigar babbar mai rawarsu ce ta ɓarke a hammata, an maƙala wata takarda a wuyanta.

Lokacin wata uku ke nan da shigata ajin yaƙi da jahilci ta waya (baƙaƙe na san su ɗaya-ɗaya, amma in suka taru sai su fi ƙarfina). Maiɗakina ta ce, "Baban Hafsa, kawo in karanta maka."

"Ai na karanta," na ce, na cusa takardar a aljihu.

Na gyara hammata. Da na ɗaga rigar sai na ga tsawonta ya wuce misali, ko ni dogo sai ta share ƙasa. Tausayi ya kama ni: wane tela ne ya auna baiwar Allah haka? Kwana biyu na zauna da allura ina kalmasa gindin rigar, ba wanda ya sa ni.

Ranar ɗaukar wasan na kai da kaina, na tsaya jiran yabo. Mai rawar ta fito daga ɗakin shiri, ta tsaya tsakiyar dandali ƙiƙam, farar safarta a waje har idon sawu. Malamarsu, wata tsohuwa 'yar Japan, ta dubi ƙafafun, ta dube ni ta saman takunkumi. Ba ta yi faɗa ba (da ta yi, da ya fi min sauƙi). A hankali ta ce rawar labarin kogi ce, gindin rigar da ke jan ƙasa shi ne ruwan, da ƙafa ake juya shi. Ni kuma na ƙafar da kogin.

"Malam, ba ka karanta takardar ba?"

Na ciro ta. Na ce, "Mama, ban iya ba tukuna. Koyo nake yi." Ban taɓa faɗa wa kowa a fili ba sai ranar.

Ta sunkuya min, irin girmamawar mutanen Japan, sannan ta miƙo ƙaramin almakashi. Na durƙusa gaban mai rawar ina warware ɗinkina, kowa na jira. Kuma ɗinkin ya yi kyau, ya ƙi fita da wuri.

Bayan wata huɗu na karanta takardar da kaina. Layi ɗaya ce: hammata kawai, kada a taɓa tsawo.

Yanzu in maiɗakina ta ce kawo, miƙa mata nake yi. Rigar da ba a ce in rage ba kuwa, ta yi ta shara.