Hannuwan Malam Sallau

Akwai mutanen da in ka dafa su ne da ci, in aka yaba miyar kuma su ne da sunkuyar da kai suna cewa "ai ba komai." Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sun san kansu. Yanzu haka ɗayansu yana karanta wannan yana gyara zama. Kwantar da hankalinka, yau ba ranarka ba ce, ta wani ce.

Wani mutum ne ana ce masa Malam Sallau, shugaban sashen kimiyya a ƙaramar sakandaren Gangaren Tsamiya. Koyarwa kam yana taɓawa, ba a raina masa. Sai dai bakinsa ya fi aikinsa tsawo da kamu goma. Tun da malamai suka fara ɗauko kayan koyarwa a intanet, ofishin malamai bai sake samun lafiya ba. In ka ce ka ga wani shafi mai tsara tambayoyin jarrabawa, sai ya ce, "Na daɗe da wuce nan." In ka ce ga wata manhaja mai nuna yadda zuciya ke harba jini, sai ya ce, "Ai da shawarata aka gyara ta." Ran nan har cewa ya yi, "Ni intanet ba ta koya mini, ni nake koya mata."

Malam Nomau, malamin lissafi, wanda ba ya barin ta kwana, ya ce, "Allah ya ƙara wa Farfesa basira. To ka koya mata ta riƙa kawo sabis a ofishin nan mana."

Amma fa duk kurin nan, Sallau bai yarda da ɓarnar data ba. Yadda ake ɗiga maganin ido, haka yake kunna ta. Ɗis, ya kashe. Ɗis, ya kashe.

To akwai wani shafi da malamai ke zuba kayan aikinsu kyauta, kowa ya ɗiba. A nan Sallau ya ci karo da wani bidiyo na minti shida a kan yadda ake tace ruwa mai dauɗa. Wanda ya ɗora shi bai sa sunansa ba, sai laƙabi kawai: Alli da Allo. Ba magana a ciki, an bar wa kowane malami ya yi bayani da bakinsa. Ba fuska. Tebur ne, da hannuwa biyu cikin doguwar safar roba shuɗiya, suna yanka gorar ruwa, su cusa auduga, su zuba gawayi, su zuba yashi, su jera tsakuwa. Aiki tsaf, ba gaggawa.

Sallau ya nuna wa 'yan aji uku a wayarsa, yana bayani yana kaɗa kai. Daidai minti uku, da aka tuttula ruwan laka a gorar, sai ya danna ƙit, ya kashe data.

"Sauran ku ƙarasa da tunaninku. Shi ne ilimi."

Wata ɗaliba ta ce, "Malam, hannun wa ye?"

Da ya ce bai sani ba, da yau ba mu da labari. Sai ya gyara hula ya ce, "Na wa kike so ya zama?"

Kafin a tashi tara, duk makaranta ta ji Malam Sallau ya shiga intanet da hannuwansa.

Ana nan sai takarda ta zo daga wata ƙungiya mai tallafa wa malamai. Za su zo ranar Laraba. Kowane sashe ya fito da malami ɗaya ya nuna abin koyarwar da ya haɗa da kansa. Wanda ya yi fice, kwamfutar tafi-da-gidanka sabuwa fil tasa ce. Sharaɗi ɗaya ne tak: aikin ya zama na hannunka.

Sashen kimiyya mutum biyu ne, Sallau da wata Malama Saude mai koyar da 'yan aji ɗaya. Mace ce shiru-shiru, daga aji sai kujerarta ta bakin taga. Kullum ka gan ta da buhun tarkace, gorori da gwangwanaye, tana kai wa yara su gwada abu da hannunsu. Sallau kan kira ajinta "bola."

Ta same shi ta ce, "Malam, ina da ɗan abin da nake so in shigar."

"Malama, wannan kokawar manya ce. Ke dai ki zo ki kalla, ki ƙaru."

"To. Me za ka nuna?"

"Bidiyona na tace ruwa mana. Alli da Allo. Sunan da nake ɓuya da shi ke nan, ba na son riya."

Ta dube shi ta ce, "Ka kalle shi har ƙarshe kuwa, Malam?"

"Ni da na yi shi? Uwa ake tambaya kamannin ɗanta?"

"Haka ne," in ji ta. "Allah ya kai mu Laraba."

Gaskiya maganar ta ɗan taɓa shi. Ya ciro waya kamar zai duba. Sai ya tuna minti shida cur, ya mayar da ita aljihu. Me zai gani? Ruwa ya shiga da dauɗa, zai fito garau. Ko makaho ya san ƙarshen wannan.

Maimakon haka sai ya yi riga malam masallaci. Ran kasuwa ya sayo jakar kwamfuta baƙa mai zif uku. Tun Litinin yake yawo da ita a kafaɗa, fayau, ba komai ciki sai jan biro.

Nomau ya ɗaga ta ya jijjiga. "Farfesa, an ɗinka wa jariri riga, ko cikin ba a samu ba."

"Ɗan baƙin ciki. Ran Laraba ko taɓa ta za ka yi sai ka wanke hannu."

Laraba ta yi. Sallau ya ci farar shadda mai sitaci, tana ƙara kamar ana taka busasshen ganye. An cika babban aji maƙil: firinsifal a gaba, malamai, ɗalibai har kan tagogi. Baƙi sun zo da majiginsu da kwamfutarsu da na'urar intanet tasu. Shugabarsu wata Hajiya Dije ce, mai tabarau a kan hanci, irin matan da in suka dube ka sai ka tuna laifin da ka yi bara. Kusa da ita ga kwalin kyautar a kan tebur. Sallau ya dubi kwalin, ya shafa jakarsa.

Malamin Hausa ya nuna katunan karin magana. Nomau ya nuna wasan lissafi da murafen kwalba. Aka tafa musu sama-sama. Sai aka kira kimiyya.

Sallau ya miƙe ya fito da waya. Hajiya Dije ta ce, "Bar wayarka, Malam. Faɗi sunan, a tamu za mu buɗe, kowa ya gani a bango."

Ya faɗa. Dama soket ɗin ajin yana da sanyin jiki, sai an danne filogi. Sallau ya waiga ya ce, "Malama Saude, taimaka ki riƙe mana. Kowa da irin gudummawarsa."

Ta je ta riƙe.

Bidiyo ya fito a bango, hannuwa manya-manya kamar na samudawa. Sallau ya buɗe murya.

"Kun ga yankan nan? Shekara ashirin ina koyon sa. Dubi yadda na riƙe wuƙar. Gawayin nan da kaina na zaɓo shi, na itacen ƙirya ne, ba kowane gawayi ba. Yashin kuwa sai da na wanke shi sau bakwai."

Hajiya Dije tana rubutu tana gyaɗa kai. "A ina ka ɗauka?"

"A ɗakin bincikena, Hajiya. A gida."

Nomau ya ce ƙasa-ƙasa, yadda kowa zai ji, "Wanda awaki ke kwana ciki."

Aka tuttula ruwan laka. Minti uku daidai. Hannun Sallau ya kai aljihu da kansa don ya danna, sai ya tuna ba shi ke riƙe da linzami ba.

"To, alhamdu lillahi, a nan za mu tsaya. Sauran a ƙarasa da tunani."

"A'a," in ji Hajiya Dije. "Saura minti uku. Mu da datarmu muka zo."

Daga nan fa Sallau ya shiga dajin da bai taɓa shiga ba. Amma gwani ne, ya ci gaba da bin hannuwan a baya, kamar mai amshin waƙar da bai iya ba.

"Yanzu zan… ɗauko kofi. Yauwa. Kun ga na ɗauko. Yanzu kuma zan… ajiye shi. Da gangan na ajiye."

Ruwa na sauka ɗis, ɗis, ɗis, garau kamar hawaye. Ɗalibai suka tafa. Aka ɗora wani allo a gaban kyamara an rubuta, "A tafasa kafin a sha." Sallau ya ce, "Rubutuna ke nan in ina sauri." Hankalinsa ya kwanta. Ya ma fara tunanin inda zai riƙa ajiye kwamfutar a ofis don kowa ya gani.

Sai hannun dama ya kama bakin safar hannun hagu ya fara ja.

"Nan kuma zan cire safa," in ji Sallau, "saboda tsafta."

Safa ta fita, suɓut.

Kowa ya zuba wa bango ido.

Yatsu ne sirara, an yi musu jan lalle har gaɓa ta biyu. A bayan hannun kuma zanen fure ne baƙi siɗik, ya yi reshe, ya yi ganye, ya hau har wuyan hannu. A bango, kowane fure ya kai faranti.

Firinsifal ya cire tabarau ya goge ya mayar. Hajiya Dije ta dubi bango, ta dubi hannuwan Sallau, masu kaushi kamar bayan kada, ta sake duban bango.

"Malam?"

Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Sallau ya yi gyaran murya. "E to, Hajiya, lokacin angoncina ne. Kin san al'ada, abokai sun kama ni sun sa mini lalle."

Nomau ya ce, "Angoncin da na yi maka babban aboki? Lokacin ko wayar salula ba ta zo garin nan ba. Ko ka ƙara aure ne ba mu ji ba? Bari in kira uwargidanka Maman Ummi in yi mata murna."

"Kai Nomau, ka fita idona."

Bai rufe baki ba aka zare safa ta biyu. Awarwaro guda shida da aka tura sama suka gangaro, kacau-kacau, majigi ya kawo ƙarar har bayan aji.

"Na magani ne," in ji Sallau. Muryarsa ta fara sirancewa. "Sanyin ƙashi. Likita ne ya ce…"

Sai ya juya wajen soket ya ce, "A kashe!" Ya ƙara da cewa, "Malama Saude, saki filogin nan, wuta na iya ja ki."

"Ba komai, Malam, na riƙe da kyau," in ji ta. "Saura kaɗan a ga fuskarka."

Hannuwan suka ɗaga kofin ruwan suka ajiye. Aka ji an ja kujera. Mai bidiyon ta zagayo don ta kashe wayar da ke ɗauka, ta leƙo. Fuska ta cika bango tun daga silin har ƙasa: Malama Saude, da ɗan kwalinta ruwan goro, tana ƙyafta ido tana neman madanni.

Ɗalibai suka dubi ta bango, suka dubi ta soket. Dariya ta fashe kamar an ɓalle bakin dam. Wani ya faɗo daga taga. Firinsifal ya kifa kai a tebur kafaɗunsa na rawa. Nomau kuwa sai da aka ba shi ruwa.

Hajiya Dije ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Malama, naki ne?"

"Nawa ne, Hajiya. Hutun bara na yi shi, bayan bikin ƙanwata, shi ya sa ƙunshin. Na ɗora ne don malaman ƙauye da ba su da ɗakin gwaji. Ban iya yanke ƙarshen ba."

"Gara da ba ki iya ba. Me ya hana ki shiga gasar?"

"An ce kokawar manya ce."

Hajiya Dije ta tura mata kwalin. Aka tafa har ƙura ta tashi daga benci. Sallau ya lallaɓa zai bi ta ƙofar baya, shaddar nan kuwa ta ƙi rufa masa asiri, sai ƙara take. Saude ta ce, "Malam, don Allah tsaya. Ga shi ba ni da abin da zan sa kwamfutar a ciki. Tunda jakar nan ba ta da aiki…"

Ya sauke ta daga kafaɗa ya miƙa. Ta zuge zif, ta ciro jan biron ta ba shi abinsa.

A bakin ƙofa Nomau ya tare shi, ya kama hannunsa ya juya shi gaba da baya, yana dubawa da natsuwa.

"Farfesa, tsakani da Allah, wa ke maka ƙunshi? Matata na da biki ran Asabar."

Tun daga ranar, ko zafi ake kamar wuta, hannuwan Malam Sallau na cikin aljihu. In kana ganin sharri aka yi masa, Gangaren Tsamiya ba nisa. Je ka yi masa sallama ka miƙa hannu. In ya fito da nasa bai waiga ya ga ko Nomau na kusa ba, dawo ka ƙaryata.